iNaturalist a fadamun Kaduna: ta iya gane ƙudan da ke cinye mana darɓa?

Duk mai noman wake, gyaɗa ko kabeji a jihar Kaduna ya san darɓa. Ita ce ke yin dandazo a bayan ganye da kan toho, tana tsotse ruwan shuka har ganye ya nannaɗe, ta bar wani danƙo mai sheƙi da tururuwa ke bi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne wata 'yar tsutsa koriya marar ƙafa da ke kwance a tsakiyarsu, tana cako su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga sama, ta zuƙe, ta yar da fatar. Manoma da yawa in sun gan ta sai su ce ɓarna ta ƙaru, a ɗauko famfon feshi. Alhali kuwa ita ce ma'aikaciyar da ba a biya. Wanda ya haife ta shi ne ƙudan nan mai ratsin rawaya da baƙi da za ka ga ya tsaya cak a iska gaban fure kamar an rataye shi da zare, ya yi wuf ya koma gefe, ya sake tsayawa. A nan za mu riƙa ce masa ƙudan shawagi. Masana suna kiran danginsa Syrphidae.

Kamanninsa ne ke jawo masa. Ya ari rigar rina da ta ƙudan zuma, amma ba shi da ƙari, ko a tafin hannu ka rufe shi ba zai harbe ka ba. Fuka-fukansa biyu ne, na rina da ƙudan zuma huɗu. Idanunsa manya ne har sun kusa cinye kan, ƙahonninsa kuma gajeru. Dangin yana da yawa: wajen jinsi 6,000 a duniya, kusan 600 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Ba dukansu ke cin darɓa ba, shi ya sa sanin wanda ke gonarka yake da amfani.

Tambayar da muka sa a gaba ita ce: malamin gona, ko ɗalibin aikin gona na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko manomin da ke da waya mai kyamara, zai iya dogara da manhajar iNaturalist ta faɗa masa sunan wannan ƙuda? Amsarmu ita ce zai iya, amma ba ta hanyar da yawancin mutane ke amfani da ita ba.

Manhajar kyauta ce, babu talla a cikinta. Akwai ta a Android da iPhone, akwai kuma shafinta na intanet, wanda ya fi wayar cika. Ta fara ne a 2008 a matsayin aikin kammala digiri na biyu na wasu ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, a 2023 kuma ta zama ƙungiya mai cin gashin kanta da ba ta neman riba. Aikinta hawa biyu ne. Ka ɗora hoton halitta da rana da wurin da ka gan ta, na'ura ta dubi hoton ta ba ka jerin sunayen da take zato. Wannan hawa na farko ke nan. Na biyu shi ne mutane: duk mai rajista a ko'ina yake a duniya yana iya duba hotonka ya sa suna, a cikinsu kuwa akwai waɗanda ƙudan shawagi ne aikinsu na yau da kullum. Idan fiye da kashi biyu cikin uku na masu sa suna suka haɗu a kan jinsi ɗaya, sai a ɗaga bayanin, wato hoton da rana da wurin da ka ɗora, zuwa matakin bincike, wanda suka rubuta Research Grade da koren launi. Daga nan yana wucewa rumbun GBIF, inda masu bincike na duniya ke ɗibar bayanan inda halittu suke.

Don a auna manhajar da kyau sai an ɗauki zuriya ɗaya, wato rukunin jinsuna makusanta a cikin dangin, da aka san ta sarai, wadda kuma ta shafe mu. Ischiodon ta cika sharuɗɗan nan. Wani masanin ƙwari Bajamushe, Pius Sack, ya raɗa mata suna a 1913, ma'anar sunan kuwa a Girkanci ita ce haƙorin ƙugu, domin namijin yana da wani ɗan tsinke a gindin ƙafarsa ta baya, dab da inda ta haɗu da jiki. Jinsi huɗu ne kacal a zuriyar, kuma sun raba duniya tsakaninsu ta yadda mai karatu zai iya riƙewa a ka.

Namu shi ne Ischiodon aegyptius, wanda masanin ƙwari Wiedemann ya bayyana a 1830. Sunan na nuna Masar, amma ya game Afirka baki ɗaya, daga bakin Sahara har Afirka ta Kudu, ya haura arewacin nahiyar, ya shiga Saudiyya da maƙwabtanta, ya taɓa kudancin Sifaniya da tsibiran Kanari. Na biyu shi ne Ischiodon scutellaris, wanda Fabricius ya bayyana a 1805. Shi ɗan gabas ne: daga yankin Iran ya bi ta Indiya da kudu maso gabashin Asiya har Japan, ya gangara Ostireliya da tsibiran tekun Fasifik. A Gabas ta Tsakiya ne iyakokin waɗannan biyun suka haɗu. Sauran biyun 'yan tsibiri ne. Ischiodon feae, wanda Bezzi ya bayyana a 1912, a tsibiran Cape Verde kaɗai aka san shi. Ischiodon astales kuwa na Madagaska ne, kuma sai a 2018 Ximo Mengual ya bayyana shi. Wato dai duk Ischiodon da ka gani a Hunkuyi ko Birnin Yero, aegyptius ne ya kamata ka fara zato, duk sunan da aka ba ka ban da shi kuwa sai an kawo ƙwaƙƙwarar hujja.

Akwai wani tarko a sunan da ɗalibai ke faɗawa. A 2006 wasu masana, bisa kamannin tsutsotsin, sun haɗe Ischiodon cikin zuriyar Simosyrphus ta Ostireliya. Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya dawo da ita matsayinta. Saboda haka za ka ci karo da Simosyrphus aegyptius a rubuce-rubucen wancan tsakanin, a tsofaffin takardu ma har da Xanthogramma aegyptium. Duk ƙuda ɗaya ne. Mai neman abin da aka rubuta a kansa ya nema da sunayen uku.

Ga yadda yake a ido. Tsawonsa wajen santimita ɗaya, siriri. Fuska rawaya. Gadon baya baƙi mai ƙyalli, da layin rawaya mai haske a kowane gefe, daga kafaɗa zuwa baya. A ƙarshen gadon bayan akwai wani ɗan faifai mai siffar rabin wata, shi ma rawaya. Cikin yana da ɗamarori rawaya a kan baƙi, wajen ƙarshe yakan yi ja-ja. Idanun namiji sun haɗe a saman kai, na tamata akwai rata a tsakani, wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta bambance su a hoto.

To me na'urar ke yi idan an ba ta hotonsa? In hoton ya fito sarai daga sama, kai ka dangin Syrphidae ba ya ba ta wuya, sau da yawa ma takan kai zuriyar. Daga nan ne ake samun tuntuɓe, kuma dalilin a bayyane yake. Na'urar ba ta san tsinken ƙafa ba, ba ta san jijiyar fiffike ba. Hotunan da mutane suka ɗora aka tabbatar ne aka koyar da ita da su, kuma jinsi ba ya shiga cikin abin da ta sani sai an tara masa hotuna wajen ɗari. Mafi yawan hotunan da ke rumbun daga Amurka da Turai suka fito, sai wurare irin su Ostireliya da Afirka ta Kudu. Don haka idan ƙudanka na cikin waɗanda ba a koya mata ba, ba za ta yi shiru ba, za ta miƙo maka mafi kama da shi cikin waɗanda ta sani. Haka ake samun ƙudan garin Kudan ɗauke da sunan Episyrphus balteatus na Turai da Asiya, ko Simosyrphus grandicornis na Ostireliya, ko ɗan'uwansa scutellaris na Indiya.

Maganin rabin wannan matsala a hannunka yake. Sa wurin da ka ɗauki hoton kafin ka nemi shawarar na'ura, ba bayan ka nema ba. Idan akwai wuri, tana fifita jinsunan da ake sa ran samu a yankin, ta kuma yi musu alama. Idan babu wuri, duniya gaba ɗaya take duba maka. Sannan ka dubi abin da ta rubuta a can saman jerin, inda take cewa tana da tabbaci a kan dangi ko zuriya kaza. Wannan ya fi jerin da ke ƙasa aminci. In ba ka tabbata ba, zaɓi Syrphidae ka tsaya nan. Ba gazawa ba ce, dabara ce: masanan ƙudan shawagi da sunan dangin suke tace abin da za su duba, don haka hoton da aka sa wa Syrphidae zai isa gare su, wanda aka bari babu suna kuwa sai ya yi ta zama ba wanda ya leƙa shi.

Sai dai kada a ce duk sunan Amurka da ya fito kuskure ne. Akwai Toxomerus floralis, ɗan ƙaramin ƙudan shawagi da asalinsa nahiyar Amurka ne, wanda a 2015 masana suka ba da rahoton ya zauna daram a Togo, Benin, Najeriya da Kamaru. Tsutsarsa ba ta cin darɓa, garin fure take ci, na aya-aya da na gogamasu, ciyayin da babu gonar da ba su. Ya fi Ischiodon ƙanƙanta sosai, zanen cikinsa kuma ya fi rikitarwa, ba ɗamara miƙaƙƙiya ba. In na'ura ta ce Toxomerus a kan ƙudan da ka ɗauka a kan furen gogamasu, kada ka yi saurin ƙaryata ta. Irin wannan wurin ne ma manhajar ta fi amfani, domin bazuwar baƙon jinsi ba ta ganuwa sai idanu sun yi yawa.

Akwai kuma 'yan gida masu rikita mutum. Allograpta ma siriri ne mai layin rawaya a gefen gadon baya, shi ma tsutsar yawancin jinsunansa darɓa take ci. Paragus ƙanana ne ƙwarai, wajen rabin santimita, masu duhu, suna shawagi ƙasa-ƙasa tsakanin ganyen wake. Eristalinus kuwa ba ya ɓoyuwa: kakkaura ne kamar ƙudan zuma, idanunsa da ɗigo-ɗigo ko ratsi. Tsutsarsa ita ce mai dogon wutsiya da ake gani a kwata da ruwan da ya ruɓe, ba ruwanta da darɓa, amma babban yana cikin masu ziyartar furen mangwaro da na albasa.

Yanzu batun hoto, wanda a nan ne aikin yake tsayawa ko ya faɗi. Masani ba zai iya ganin abin da hotonka bai nuna ba. Ana son fuska uku: daga sama, yadda gadon baya da zanen ciki da fiffike za su fito; daga gefe, yadda za a ga ƙafar baya da tudun fuska; sai daga gaba, don idanu da ƙahonni. Bayani ɗaya yana ɗaukar hotuna har 20, duk na ƙuda ɗaya. Kada a haɗa ƙudaje biyu a bayani guda, ko da a fure ɗaya aka same su. Kowane da nasa.

Lokaci mafi kyau shi ne safiya, tsakanin ƙarfe bakwai da tara, musamman da hunturu. Sanyi yana sa su lafewa a kan ganye suna shan hantsi, ka iya matsowa har taƙi ɗaya ba su tashi ba. Da rana ta take sai su gagara. Kada inuwarka ta faɗa kansa, ita ce ke korarsa tun kafin hannunka ya iso. Ranar da hazo ya yi kauri haske yakan ragu, waya ta rage saurin ɗauka, hoto ya fito da gizo. A irin wannan rana ka dafe gwiwar hannu a kan gwiwarka, ka kama reshen da ɗaya hannun don iska kada ta kaɗa shi, ka ɗauki goma ka zaɓi biyu. Kada ka ja hoto da yatsu fiye da ninki biyu, domin a yawancin wayoyi ba kusantowa yake yi ba, faɗaɗa ɗigon hoto kawai yake yi. Taɓa jikin ƙudan a fuskar waya don kyamara ta kama shi, in ba haka ba ganyen bayansa za ta kama.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: manhajar tana rage kowane hoto ya koma ɗigo 2048 a gefensa mafi tsawo. Idan ƙudan ɗan tabo ne a tsakiyar hoton kunyar wake, bayan ragewar ba abin da zai saura a jikinsa. Don haka ka yanke hoton a wayarka tukuna, ƙudan ya cika aƙalla sulusin fili, sannan ka ɗora. Wannan yana taimakon na'ura, yana taimakon masani, yana kuma rage cin data. Kuma kada hoton ya bi ta WhatsApp kafin a ɗora shi. WhatsApp yana matse hoto, yana goge rana da wurin da ke maƙale a cikinsa. In dole ne manomi ya turo wa malamin gona, ya turo shi a matsayin fayil, ko kuma a rubuta rana da sunan ƙauye da hannu.

Ɗan gilashin nan da ake maƙala wa kyamarar waya don ɗaukar ƙananan abubuwa, wanda ake samu wajen masu kayan waya, yana da amfani amma ba a kan ƙuda mai rai a fili ba. Sai ka kusanto da shi santimita biyu ko uku kafin hoto ya fito, ƙudan kuwa ba zai jira ka ba. Inda yake aiki shi ne a kan ƙwai, tsutsa, da ƙudan da aka kama. Kamun ba wuya: kwalba mai haske mai faɗin baki, a kifa ta a kansa yana kan fure, a zura murfi. A sa kwalbar cikin kula mai ƙanƙara ko cikin firji, ba wajen daskarewa ba, na minti biyar zuwa goma. Zai yi sanyi ya daina motsi. A zazzage shi a kan farar takarda kusa da rula, a inuwa mai haske, a ɗauki fuskokin nan uku, a ƙara da na ƙasan ciki in namiji ne don tsinken ya fito. Cikin minti ɗaya ko biyu zai farfaɗo ya tashi abinsa. A goge raɓar da ta kwanta a kwalbar kafin a sa shi, domin in fiffikensa ya jiƙe ya manne, zanen ciki ba zai ganu ba.

Inda manhajar ta fi rauni shi ne wurin da manomi ya fi buƙatarta, wato tsutsa. Hotunan tsutsotsin ƙudan shawagi na Afirka kaɗan ne, masu iya sa musu suna ma kaɗan ne, na'urar kuma takan ruɗe ta ce tsutsar malam-buɗe-littafi ce. Ido ya fi ta a nan. Tsutsar ƙudan shawagi ba ta da ƙafa ko ɗaya, ba ta da kai mai tauri, gabanta tsini ne bayanta faɗi, tana lalube da tsinin hagu da dama kamar makaho da sanda. Ta Ischiodon koriya ce da farin layi a tsakiyar baya. Tsutsar da ke cin ganye kuwa tana da ƙafafu da kai sosai, kuma za ka ga ɓula a ganyen da kashinta a gefe. Ƙwan fari ne, dogo, wajen milimita ɗaya, ana ajiye shi ɗai-ɗai a gefen taron darɓa. Wanda ke son ya koyi ganinsu ya je gindin tumfafiya: darɓar nan rawaya da ke rufe tohonta ba ta rabuwa da masu cinta, kuma ba wanda ke yi wa tumfafiya feshi.

Hanyar samun tabbataccen suna ga tsutsa ita ce a rene ta. A tsinko ganyen da take kai tare da darɓarsa, a sa a kwalba, a shimfiɗa 'yar takarda a ƙasa don ta shanye laima, a rufe bakin da ƙyalle mai shara-shara da roba, ba da murfi ba. Tsutsa ɗaya a kwalba ɗaya, domin in abinci ya ƙare suna cin juna. A ajiye a inuwa. Kullum a sa sabon ganye mai darɓa a cire na jiya. A yanayin ɗumi ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana biyu zuwa uku, tsutsa ta yi kamar mako ɗaya ko fiye kaɗan tana ci, a tsawon wannan lokaci kuma darɓar da take cinyewa ɗaruruwa ce. Daga nan ta daina ci, ta manne a ganye ko jikin kwalba, ta dunƙule ta yi tauri kamar ɗigon ruwa. Kada a taɓa ta. Bayan kamar mako guda ƙuda zai fito. A bar shi 'yan sa'o'i launinsa ya nuna kafin a ɗauki hoto. Abubuwa biyu ke ɓata wannan aiki. Na farko laima: in kwalba ta yi gumi, fumfuna za ta kashe tsutsar. Na biyu kuwa, wani lokaci maimakon ƙuda sai ka ga wani ɗan siririn zanzaro ya fito, domin uwarsa ta riga ta yi ƙwai a jikin tsutsar tun a gona. Shi ma a ɗauke shi hoto a ɗora, bayani ne mai daraja. A manhajar a buɗe wa tsutsa bayaninta, a buɗe wa babban nasa da ranar da ya fito, a rubuta a kowanne cewa halitta ɗaya ce, a ambaci shukar da aka same ta a kai. Duk wanda ya yi haka ya ba masana abin da suke nema ruwa a jallo.

Dole mu yi magana a kan maɓallin amincewa, domin shi ne babbar ƙofar ɓarna. Mutum biyu kacal sun isa su kai bayani matakin bincike: mai hoto ya karɓi sunan da na'ura ta ba shi, abokinsa ya danna ya yarda. Idan ajin ɗalibai suka fita aikin fili suka dawo suna danna wa juna don kowa ya ga kore a shafinsa, to an tura wa duniya labarin cewa ƙudan Ostireliya yana zaune a Shika. Gyara yana yiwuwa, amma sai masana sun yi yawan da za su rinjayi kuskuren, kuma in mai hoton ya daina buɗe manhajar, sunansa na kuskure yana nan yana ja. Ƙa'idar ita ce kada ka yarda da sunan da kai da kanka ba za ka iya kare shi ba. In masani ya gyara maka, ka janye naka, ka tambaye shi abin da ya gani. Yawancinsu suna amsawa, a wannan amsar kuwa ake koyon abin da na'ura ba za ta koyar ba. Malamin da zai sa ɗalibai amfani da manhajar ya faɗi wannan tun ranar farko, kuma kada ya ba da maki a kan yawan kore.

Taswirar da ke shafin kowane jinsi ita ce abin da ya fi jan ido, ita ce kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Buɗe ta Ischiodon aegyptius za ka ga ɗigo sun taru a kudancin Afirka, arewacin Najeriya kuwa fili fetal ko kusa da haka. Wannan ba ya nufin ƙudan ya fi yawa a can. Taswirar tana nuna inda masu ɗaukar hoto suke ne. Ƙudan yana nan a fadamun kogin Galma da na kogin Kaduna, a lambunan Ikara da Makarfi da Soba, duk inda darɓa take. Ɗalibin da zai rubuta cewa ba a samun jinsi kaza a Kaduna don bai ga ɗigo ba ya yi kuskure babba. A kan babban hoto, wato aegyptius a Afirka, scutellaris a Asiya, taswirar ta yi daidai da abin da masana suka rubuta. A kan jiha ko ƙaramar hukuma kuwa ba ta isa hujja ba tukuna. Mai bincike na gaske ya haɗa da ma'ajiyar ƙwari ta Sashen Kare Amfanin Gona na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda ake gwada samfuri da samfuri a ƙarƙashin madubi. Wannan gibi na taswira yana damun mu, domin Samaru ta fara binciken noma tun 1922, ilimin ƙwarin yankin nan ba sabo ba ne, amma wanda ya buɗe waya a wata ƙasa ba zai ga alamarsa ba.

Game da wuri akwai abin lura na tsaro. Bayani a buɗe yake ga kowa, da ɗigon inda aka ɗauka da ranar. A halin da wasu yankunan jihar ke ciki, ba kowa ke son a san gonarsa da lokacin da yake zuwa ba. Manhajar ta ba da zaɓi uku: a buɗe, a dusashe, a ɓoye. Na tsakiya muke ba da shawara. Yana nuna wa jama'a wani fili mai faɗin kusan kilomita 22 a kowane gefe maimakon ainihin wurin, bayanin kuma yana iya kai matakin bincike. In aka ɓoye gaba ɗaya, masani ba zai san ko daga wace nahiya hoton ya fito ba, sa suna ya yi wuya. Rashin sabis a gona ba matsala ba ne: a ɗauki hotuna da kyamarar waya bayan an kunna mata alamar wuri, a ɗora in an dawo gari. Shawarar na'ura da ɗorawa ne ke cin data.

Harshe cikas ne na gaske. Da Turanci manhajar ke buɗewa a wayoyinmu, sunayen kuma na Latin ne, masanan da za su amsa ma da Turanci za su rubuta. Manomin da bai yi boko ba sai da ɗansa ko malamin gona a gefe. Shafin intanet ɗin yana ba da damar ƙara sunan halitta da harshen gida, da sharaɗin sunan da mutane ke faɗa ne da gaske, ba ƙirƙira ba. Darɓa, tumfafiya, gogamasu duk sun cancanci shiga. Akwai kuma ƙanwarta mai suna Seek, wadda ba ta buƙatar rajista kuma tana ba da suna nan take ta kyamara. Ta dace da yara 'yan makaranta, amma na'ura ce zalla babu mutum a bayanta, don haka duk raunin da muka lissafa yana nan, babu mai gyarawa.

Kada a jira manhajar kafin a yanke shawarar feshi. Amsar masani tana iya zuwa cikin sa'a guda, tana iya ɗaukar watanni. Amfaninta shi ne ta koya wa ido, ta yadda bayan wata biyu malamin gona zai gane Ischiodon da tsutsarsa ba tare da waya ba. Wannan ganewar ce ke canja aiki a gona. Magungunan da aka fi fesawa a nan, irin su cypermethrin, lambda-cyhalothrin da dimethoate, ba sa tantance darɓa da mai cinta. Darɓa kuwa haihuwa take yi ba tare da namiji ba, 'yarta ta fara haihuwa cikin kamar mako guda, don haka ita ke fara dawowa, ta tarar da gona babu maƙiyi. In ka duba shuka ashirin a sassa daban-daban na gonar wake ka ga ƙwai da tsutsotsi a yawancin tarukan darɓa, kuma shukar ba ta fara tsumburewa ba, ka ba su kwana biyu ko uku ka sake dubawa. In dole sai an fesa, a fesa inda abin ya yi tsanani kawai, da yamma lis bayan ƙudaje sun bar fure. Gyaɗa ce ke da hukunci daban, domin darɓar wake ita ce ke yaɗa kuturtar gyaɗa, cutar da ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa a 1975. A can kariyar tana farawa ne daga shuka da wuri, shuka a matse, da iri mai jurewa, ba daga jiran tsutsa ba.

Macen ƙudan shawagi sai ta ci garin fure ƙwanta ke nuna. Mai lambu ya bar 'yan karas ko albasa su yi fure a bakin kunya, kuma in yana rataya katin nan rawaya mai danƙo, ya nisanta shi da furannin, domin rawaya na jan ƙudan shawagi kamar yadda take jan ƙwarin da aka kafa katin dominsu. Wanda ya manne a katin ma ana iya ɗaukar hotonsa a ɗora, muddin an rubuta ranar da aka rataya katin da ranar da aka cire shi.